Mahaifiyarmu ta gane mu ana gobe za ta rasu, bayan shekara 4 cikin gigin tsufa

Maman Khalil:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta shafe shekara 4 tana fama da gigin tsufa, har ta kai ba ta gane ko ɗaya daga cikinmu, ni da nake yi mata wanka ma da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa take kirana. Ana gobe za ta rasu, bayan sallar La'asar, sai ta buɗe ido ta kira sunana daidai, ta tambayi yayanmu da ke Legas, ta nemi kunun tsamiya ta sha, sannan ta tuna mini da wani bashi da maƙwabciyarmu take binta, wanda da muka bincika muka tarar gaskiya ne. Na yi murna har na hana yayanmu tahowa, na ce masa jiki ya yi sauƙi. Washegari da hantsi ta cika. Shin likitoci sun san wannan al'amari, kuwa akwai alamar da ya kamata in lura da ita?

Dakta Sani:
Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya ba ku haƙuri. Abin da kika gani sananne ne, shi ne mutanenmu suke cewa "ashe sauƙin mutuwa ne", kuma likitocin Turai da Amurka sun rubuta irinsa tun ƙarni na 19. Wani masanin halittu Bajamushe, Michael Nahm, shi ya laƙaba masa suna a 2009, sunan da ke nufin dawowar hayyaci gab da ajali. A cikin tsofaffin rahotannin da ya tattara tare da Bruce Greyson, wani likitan tabin hankali Ba'amurke, fiye da kashi 80 cikin 100 na marasa lafiyar sun rasu cikin mako guda da dawowar hankalinsu. Daga baya Alexander Batthyány, wani masani a birnin Biyana na ƙasar Austria, da Greyson sun nazarci labarin mutum 124 masu cutar mantuwa, wato gigin tsufa, aka sami kusan abu ɗaya: hankali ya dawo, magana ta daidaita, sannan rasuwa ta biyo baya cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki.

Abin da ya sa lamarin ke ɗaure wa masana kai shi ne cutar Alzheimer, ɗaya daga cikin cututtukan da ke jawo gigin tsufa, tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya farfaɗowa, don haka tambayar ita ce daga ina sunayen 'ya'ya da lissafin bashi suka fito. Wasu na ganin tunanin bai goge gaba ɗaya ba, hanyar isa gare shi ce ta toshe, sai sauyin da jiki ke shiga a ƙarshen rayuwa ya buɗe ta na ɗan lokaci. A Jami'ar Mishigan da ke Amurka an ga ƙwaƙwalwar ɓeraye ta yi wani yunƙuri mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya a 2013, aka kuma ga makamancinsa a jikin mutum 2 cikin 4 a 2023, amma wannan yunƙuri na daƙiƙoƙi ne, bai isa ya bayyana hirar yini guda ba. Rashin gamsasshen bayani ne ya sa cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka ta tara masana a kan wannan dawowar hayyaci tun a 2018.

Ba ki yi sakaci ba, 'yar'uwa, domin ko ma'aikatan asibiti wannan sauƙi yana ruɗarsu.

Hajiya Binta, ma'aikaciyar jinya:
Ina so in ƙara gargaɗi ɗaya, kada masu karatu su ɗauka duk tsohon da ya farfaɗo ajalinsa ne ya zo. Sau da yawa ruɗewar da ta zo farat ɗaya tana faruwa ne saboda ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani, kuma da zarar an magance dalilin sai hankali ya dawo, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Wanda muke tsoro shi ne sauƙin da ya zo wa mai shekaru cikin gigi, wanda ya riga ya rage ci da sha, yana yawan barci, ba tare da an sauya masa magani ba. Idan aka ga haka a kira dangi nan take, a ba shi abin da ya nema kaɗan-kaɗan don gudun shaƙewa, kada kuma a dame shi da "kin gane ni?" daga bakin kowane mai shigowa.

Malam Habibu:
Allah Ya sa Aljanna ce makomarta. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na tsufa a Suratun Nahl, aya ta 70, inda mutum ke komawa bai san komai ba bayan ya sani. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinki shi ne bashin nan, domin da ba ta faɗa ba da babu mai sanin tana da shi, alhali biyansa yana gaba da rabon gado. Kun biya kuwa?

Maman Khalil:
Mun biya, Malam, tun kafin sadakar uku. Na gode muku ƙwarai. Zan tura wa yayanmu bayanin Dakta, domin har yau ban iya ɗaga masa zancen wayar da na yi masa ran nan ba.