Neman kalma: yaya za mu ce "konfederal" a sunan Jamhuriyar Rif?

Mai Shirin Tarihi: Salamu alaikum. Gobe da la'asar zan shiga shiri a kan ƙasar da Muhammad bin Abdulkarim al-Khaɗɗabi ya kafa a duwatsun Rif, arewacin Maroko, bayan ya yi wa sojojin Sifaniya kaca-kaca a Anwal a Yulin 1921. Ba ta yi tsawon rai ba, a Mayun 1926 ya miƙa wuya ga Faransa. To, cikakken sunanta yana da kalmar "konfederal", wato jamhuriyar ƙabilun Rif da suka haɗa kai. In na ce tarayya, mai saurare zai hango Abuja da jihohi 36. A taimaka kafin dare.

Ɗan Damagaram: Ƙawance, Hajiya. Mu nan haka ake kiran AES, ƙungiyar ƙasashen Sahel, tun da Nijar da Mali da Burkina suka ƙulla nasu a Yamai a Yulin 2024.

Tafinta: Ƙawance na NATO ne, kowa da gwamnatinsa da tutarsa. Rif kuwa gwamnati ɗaya ce, fadarta a Ajdir. Ni gamayya nake gani: Jamhuriyar Gamayyar Ƙabilun Rif.

Baba Mai Ritaya: Yara, kun cika kai nesa. Na daɗe da samo maganin wannan: "mulkin tsintsiya". Kowane tsinke da kansa, maɗauri ɗaya. Jamhuriyar Tsintsiya ta Rif. Bahaushiyar kalma tsantsa, ba aro.

Ɗan Damagaram: Baba, Allah ya ja kwana, ka ce tsintsiya a rediyon Najeriya, ai kafin a rufe shiri an ce Hajiya kamfen take yi wa jam'iyya.

Baba Mai Ritaya: Tun kafin a haifi jam'iyyar ake sharar ɗaki. Don 'yan siyasa sun ɗauka sai mu bar musu?

Malamin Makaranta: Ku bari in ɗan sa baki a tarihin, don shi zai raba gardamar. Sunan ne kawai sako-sako, mulkin ba haka yake ba. Kafin yaƙin, kowace ƙabila da majalisar dattawanta, ga ramuwar jini da ba ta ƙarewa. Abdulkarim, wanda ya taɓa zama alƙali a Melilla ƙarƙashin Sifaniyawa, ya hana ɗaukar fansa, ya naɗa alƙalai su yi hukunci da shari'a, ya karɓi haraji, ya kafa soja mai albashi, har wayar tarho ya ja tsakanin sansanoni. A farkon 1923 aka yi masa mubaya'a a matsayin amir, kuma a shekarar ce Sifaniya ta biya peseta miliyan 4 don fansar fursunoninta. Ƙabilarsa, Bani Waryaghal, ita ke riƙe da manyan muƙamai, ƙaninsa Muhammad ke jan runduna. Wannan ba ƙawance ba ne ko kaɗan. Kalmar "jamhuriya" ma galibi don kunnen Turai aka sa ta, da fatan a amince da su a matsayin ƙasa, ba kuwa wanda ya amince.

Tafinta: Gaskiya ne Malam, amma suna muke fassarawa, ba hali ba. Ƙasashe nawa ke da "dimokuraɗiyya" a sunansu?

Baba Mai Ritaya: Ga kuma abin da ke damuna: jamhuriya Larabci, ƙabila Larabci, amir Larabci. A sunan nan kaf me ya rage na Hausa? Waswahili suna ƙirƙirar nasu, mu kullum ƙoƙon bara a hannu.

Tafinta: Baba, Waswahilin "Jamhuri" suke cewa. Kuma "mulki" da ka liƙa wa tsintsiyarka daga ina ya zo?

Baba Mai Ritaya: Wannan ya daɗe, ya zama ɗan gida.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ba ni haushi, duk kalmar da ba a ji ta a Kano ko BBC ba sai a ce ba Hausa ba ce. Na kawo abin da miliyoyin mutane ke faɗa, an ture shi da layi ɗaya.

Tafinta: Ba wanda ya ambaci Kano, ɗan uwa. Ni ma Bazazzagi ne.

Ɗan Damagaram: Duk ɗaya.

Mai Shirin Tarihi: Jama'a, don Allah. Sauran abin da zan rubuta yana da yawa: harin da Abdulkarim ya kai wa Faransawa a Afrilun 1925, zuwan Marshal Petain na Faransa, saukar sojojin Sifaniya ta ruwa a Alhusaima a Satumba, iskar guba da aka zuba wa ƙauyuka, kai shi tsibirin Reunion, da yadda ya sulale daga jirgin ruwa a Port Sa'id a 1947 ya zauna Alƙahira har rasuwarsa a 1963. Minti 25 kawai nake da su.

Malamin Makaranta: Ki ɗauki gamayya, Hajiya, sai ki bi ta da jimla ɗaya: a suna gamayya ce, a aikace amir ke da wuƙa da nama. Ki kuma lura da "ƙabilu". Na tsakiyar Rif duk Barbar ne, wato 'yan asalin arewacin Afirka, harshensu ɗaya, kada a ɗauka kamar Hausa da Yarbawa ne.

Mai Shirin Tarihi: Na gode Malam. Gamayya ke nan, don gobe dai. Ƙabilu zan bar ta in yi bayani.

Ɗan Damagaram: Shi ke nan, amma ranar da kika zo kan AES, kada in ji gamayya.

Baba Mai Ritaya: Ku yi ta gamayyarku. Gobe ƙungiyar 'yan tireda ma gamayya ce, ƙasa ma gamayya ce. Ni dai a littafin da nake rubutawa tsintsiya zan sa.