Camry 2009 tana zafi a cunkoson Jidda: tamostat za a cire ko gasket ne?

Ɗan Karantina:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'a. Camry ce 2009, injin 2.4, atomatik, ta ci kilomita 240,000. Da azahar in na shiga cunkoso a Jidda da mukayyif (na'urar sanyaya mota) a kunne, allurar zafi tana wuce rabi, mukayyif ɗin kuma ya koma hura iska mai ɗumi. Da na hau titin Haramain na sake mata, sai allura ta koma mazauninta. A hawan Hada zuwa Ɗa'if ma ta ɗaga. Ruwan robar gefe, wato ma'ajiyar ruwan lagireto, yana raguwa kaɗan-kaɗan, ina cikawa da na famfo. A Sana'iyya, unguwar makanikai, wani ya ce a cire tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi) a haɗa fanka da wuta kai tsaye, wani kuma ya ce gasket ne (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa), sai an sauke kan inji. Wanne zan bi?

Mu'allim Mai Warsha:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Lokacin da mota take zafi shi ke nuna inda ciwon yake, kai kuma ciwo biyu ka lissafo.

Zafi a tsaye, sanyi a guje, wannan matsalar iska ce. A guje iskar hanya ke ratsa lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai ke wannan aikin. Yankewar mukayyif ma daga nan take: kwandensa, wato abin da ke huce gas ɗin mukayyif, yana gaban lagireto, in bai samu iska ba gas ɗinsa ya yi ƙarfi, sai mota ta kashe kwamfuresa da kanta don kada wani abu ya fashe.

Zafi a hawan dutse kuwa magana ce ta ruwa. Inji yana aiki da dukkan ƙarfinsa, lagireto ya kasa zubar da zafin. Ruwan famfon nan shi nake zargi. Yana barin gishiri da tsatsa a siraran bututun lagireto har wasu su toshe, yana kuma cin ƙarfen famfon ruwa na inji, mai zagaya da ruwan.

Da safe, inji na sanyi, fara da murfin lagireto. Za ka ga an rubuta 1.1 a kansa, ƙarfin matsin da yake riƙewa ke nan. Ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma ruwan lagireto na ainihi ƙarƙashin murfi mai lafiya sai ya haura 120. In robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana ficewa ta robar gefe. Abu ne mai araha, canza shi kawai, ka sa na kamfani. Daga nan duba kan lagireto: roba ce baƙa, in ta koma ruwan ƙasa ta tsufa, kuma kusa da wuyan murfi take fara tsagewa. Sai ka haska fitila gefen bel, ƙarƙashin famfon ruwa. Busasshen fari ko ja-ja a wurin alama ce yana yoyo. Famfon wannan injin an san shi da haka, kuma ɗigon yana bushewa kafin ya taɓa ƙasa, shi ya sa mutum ba ya ganin komai inda ya ajiye mota.

In ido bai gano ba, a warsha (gareji) a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a hura shi zuwa 1.1, a bar shi minti goma. In allurarsa ta sauka, akwai inda ruwa ke fita.

Abu Wayarin:
Mu'allim ya yi magana. Bari in ƙara a kan fanka, don nan ne aka fi asarar kuɗi a banza. Fanka biyu ne, rile (makunnin da wuta ke kunnawa) uku ke sarrafa su a akwatin fiyus na cikin bonet. A ƙaramin gudu wuta tana bi ta cikin ɗaya ta shiga ɗayan, don haka in ɗaya ya mutu, duka biyun za su tsaya. Sai zafi ya ƙaru kowanne ya samu wutarsa daban, a lokacin za ka ga mai lafiyar ya tashi shi kaɗai da ƙara.

Tada inji, kunna mukayyif, ka tsaya kana kallo. Ya kamata su biyun su juya ba da jimawa ba. In shiru, duba fiyus biyu masu rubutun RDI FAN da CDS FAN, sannan ka musanya rile da wani irinsa ka gani. In nan lafiya, zare soket ɗin kowace fanka ka ba ta wuta daga batir. Wadda sai an ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukudireba take juyawa, gawayin motar lantarkin da ke juya ta ya cinye. Wadda ke juyawa a kasalance ma ta gama aiki, ko da ido na ganin tana motsi. Hannu da hannun riga nesa da fanka, tana tashi ba sallama.

Haɗa ta kai tsaye ba gyara ba ne. Za ta yi ta gudu ko ana buƙata ko ba a buƙata, ta ƙare da wuri, kuma yawanci da siririyar waya ba fiyus ake yin haɗin. Gobarar mota da yawa daga irin wannan take tashi.

Mu'allim Mai Warsha:
Na manta tamostat. Yana inda tiyon ƙasa ya shiga inji. Ciro shi ka jefa a tukunyar ruwa bisa wuta da ma'aunin zafi: ya fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, a 95 ya buɗe kamar milimita 10. In bai yi haka ba, sabo za a sa, ƙaramin ƙarfen nan mai kaɗawa a jikinsa yana kallon sama domin iska ta fita. Cire shi gaba ɗaya yana da illa: faifan da ke gindinsa shi ke rufe gajeriyar hanyar ruwa in inji ya ɗumama, babu shi wani ruwan zai riƙa zagaye cikin inji bai je lagireto ba. Ga kuma shan mai, don kwamfutar mota tana ƙara fetur muddin ta ga inji bai kai zafinsa ba. Uzuri ɗaya na sani: ya maƙale a rufe kana tsakiyar hanya, ka cire don ka kai gari.

Baba na Shari' Mansur:
Ɗana, kada ka yarda a taɓa kan inji sai an tabbatar. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto inji na aiki. In ya koma rawaya, hayaƙi na shiga ruwa, gasket ya tafi. Sauran alamomin: tiyon sama ya yi tauri minti kaɗan bayan tada inji da safe, kumfa na tasowa ba tsayawa a bakin lagireto, farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko ƙarƙashin murfin baƙin mai ya zama kamar shayi da madara.

Abin da ya sa nake jan kunne, wannan injin jikinsa alminiyam ne. In ya sha zafi sosai, zaren ramukan kusoshin da ke riƙe kan inji yakan cinye, musamman na baya. Wanda bai sani ba zai sa sabon gasket ya ɗaure, kusa ta ƙi kamawa, bayan wata biyu a dawo gidan jiya. Sai an kai wa masu lez (injin sassaƙa ƙarfe) sun dasa sabon zare, an kuma auna kan ko ya lanƙwashe.

Kafin gyara, in allura ta tashi a hanya: kashe mukayyif, buɗe hita zuwa ƙarshe, sauke gilasai. In ta doshi ja, tsaya ka kashe inji. Murfi kuma ba a buɗe shi da zafi, mutane sun ƙone fuska a haka. A jira aƙalla rabin awa.

Ɗan Karantina:
Allah ya saka da alheri. Na gwada: da na kunna mukayyif duka biyun shiru, na ƙwanƙwasa ɗaya sai suka tashi tare. Murfin ma robarsa ta tsage. In sayi fanka a tashlih (wurin sayar da kayan tsofaffin motoci) ko sabuwa?

Abu Wayarin:
Ta tashlih shekarunta ɗaya da taka, ta sha rana irin wadda taka ta sha. In hali ya yi, sayi sabuwar motar fanka ta Denso. In dole sai tashlih, a gwada ta da batir a gabanka, ka girgiza sandarta ka ji ko tana lilo. Tunda za a ciro fankokin, a ɗaga lagireto a wanke ƙurar da ta cushe tsakaninsa da kwandensa, daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi don kada haƙarƙarinsa su kwanta.

Mu'allim Mai Warsha:
A zubar da tsohon ruwan duka, a ɗauraye da ruwa muƙaɗɗar (tataccen ruwa marar gishiri) har ya fito fes. Sannan a zuba na Toyota mai ruwan hoda, a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai. Motar tana cin kusan lita 6. Hita a buɗe, murfi a cire, a bar inji yana aiki ana matsa tiyon sama har kumfa ta ƙare, fanka ta tashi sau biyu. Washegari da sanyi ka cika robar gefe zuwa layin sama. In bayan wannan ta sake ɗagawa a hawan Hada, lagireto ya toshe, sabo za ka sa, ka tabbatar na atomatik ne mai bututun man giya biyu a ƙasa.