Daga kwamit zuwa saba: yadda muke tsara gini da kunshi su gudana da kansu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabis ne na Node.js da ke aiki da PostgreSQL, kod ɗin yana GitHub, sabar kuma ƙarama ce mai RAM giga 1. A yanzu duk gyaran da aka yi sai an shiga sabar an yi git pull, an yi npm install, an gina, sannan a sake tayarwa. Wani lokaci ginin yakan mutu a tsakiya da lambar 137, sabis ɗin ya kwanta. Waɗanda suka riga suka tsara wannan aiki yana tafiya da kansa, don Allah ku faɗa mana yadda kuka yi da wuraren da suka fi kawo cikas.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Lambar 137 na nufin 128 a tara da 9, wato an kashe aikin da SIGKILL, kuma a saba mai giga 1 kusan kullum ƙarewar RAM ce ke jawo haka. Ƙara swap, wato wani yanki na faifai da ke taya RAM, zai rage faruwar abin, amma maganin gaskiya shi ne a daina gini a kan sabar ɗungurungum. Ana gini sau ɗaya a GitHub Actions, wato na'urorin GitHub da ke gudanar da aiki da kansu, a fitar da kunshin Docker (image, kod da duk abin da yake buƙata a haɗe), a tura shi ghcr.io, ma'ajiyar kunshi ta GitHub, aikin sabar kawai ta jawo kunshin ta tayar.

Dockerfile ɗin, wato fayil ɗin umarnin haɗa kunshi, a raba shi mataki biyu. A matakin farko a ɗauki node:22-slim, a kwafi package.json da package-lock.json su kaɗai, a yi npm ci, sai bayan nan a kwafi sauran kod ɗin a yi npm run build. Wannan jeri yana da muhimmanci ƙwarai. Docker na ajiye sakamakon kowane layi hawa-hawa, kuma da zarar wani hawa ya canza, duk na bayansa sai an sake su. Idan ka kwafi kod gaba ɗaya tun farko, gyaran waƙafi ɗaya zai sa a sake sauke dukkan laburare. Idan fayilolin nan biyu ne a gaba, ba za a sake sauke komai ba sai ranar da laburaren suka canza.

A mataki na biyu a fara da sabon node:22-slim, a yi npm ci --omit=dev, a kwaso abin da aka gina kawai daga matakin farko da COPY --from. TypeScript da kayan gwaji duk su tsaya a baya. A sa USER node kafin layin ƙarshe, domin kunshin Node na hukuma ya zo da wannan mai amfani, babu dalilin barin sabis yana gudana a matsayin root.

Kada a yi amfani da npm install a wurin gini. npm ci yana bin package-lock.json sau da ƙafa, idan ya ga bai dace da package.json ba sai ya tsaya ya yi ƙorafi, kuma abin da ake so ke nan.

Bazazzagiya:
Yaya Ɗan Fagge ya gama magana a kan Dockerfile, sai dai akwai fayil ɗin da ake yawan mantawa: .dockerignore. A sa node_modules da .git da .env a ciki. In ba haka ba, node_modules na kwamfutarka zai bi COPY ya shiga kunshi, kuma laburare irin su bcrypt da sharp suna da ɓangarorin da aka gina don takamaiman tsarin na'ura, na Windows ba zai yi aiki a Linux ba. Shi kuwa .env in ya shiga, kalmar sirrin rumbun bayananka ta tafi tare da kunshin duk inda ya je.

Haka ma kada a shigar da sirri ta ARG ko ENV lokacin gini. Duk wanda ya samu kunshin zai iya ganinsu da docker history ko docker inspect. Goge fayil a layi na gaba ma ba ya fitar da shi, yana nan a hawan da ya shiga. Idan ginin na buƙatar sirri, misali mabuɗin sauke laburare masu zaman kansu, a yi amfani da RUN --mount=type=secret, wanda ke ba da shi a wannan layin kaɗai. Sirrin da sabis ke buƙata lokacin aiki kuma ya zauna a sabar, a miƙa shi lokacin tayarwa.

Mai tambaya:
Na gode Malama. Na ga mutane da yawa suna cewa a ɗauki Alpine saboda ƙanƙantarsa. Me ya sa kuka zaɓi slim?

Ɗan Fagge:
Alpine na amfani da laburaren C na musl, ba glibc ba. Laburaren da ke da ɓangaren C, in ba su tanadi na musl ba, sai an gina su daga tushe, wato sai an ƙara python3 da make da g++, lokacin gini ya ƙaru. Bambancin girman kuma sau ɗaya sabar za ta biya shi, tunda hawan tushe ba a sake sauke shi sai ya canza. Idan sabis ɗinka JavaScript ne zalla, Alpine ba laifi. In ba ka da tabbas, ka tsaya a kan slim.

Ɗan Maraɗi:
Bari in ɗauki ɓangaren Actions. Fayil ɗin yana zama a .github/workflows, ya tashi duk lokacin da aka tura kod zuwa reshen main. Mu muna raba shi aiki uku: gwaji, gini, sai ɗorawa, kowanne yana jiran na gabansa ta hanyar needs. In gwaji ya faɗi, babu kunshin da zai fita.

Abin da ke ba sababbi mamaki shi ne kowane aiki a sabuwar na'ura yake farawa, ba ta san komai game da ginin jiya ba. Saboda haka duk dabarar jera layuka da aka yi bayani a sama ba za ta amfane ka ba sai ka sa cache-from da cache-to da type=gha a docker/build-push-action. A ƙara mode=max a cache-to, domin in ba shi ba hawa-hawan matakin farko ba za a ajiye su ba, alhali nan ne aiki mai nauyi yake. Duk ajiyar da aka yi kwana 7 ba a taɓa ba, GitHub na share ta, don haka gini na farko bayan dogon hutu zai yi jinkiri, ba wani abu ne ya lalace ba.

Don turawa ghcr.io ba ka buƙatar ƙirƙirar sabon mabuɗi, GITHUB_TOKEN ya isa, muddin ka rubuta packages: write a ƙarƙashin permissions. Sunan kunshi kuma dole ya zama da ƙananan haruffa. Idan sunan asusunka na da babban harafi ka ɗauko shi kai tsaye, turawar za ta ƙi.

Ga namu yanayin akwai wata riba. Kunshi na iya kai ɗaruruwan mega, tura shi daga kwamfutar hannu da datar waya asara ce, ga yankewar layi, ga ɗauke wuta. A wannan tsari abin da ke fita daga hannunka git push ne kawai.

Bakatsine:
Inda na fi so a kula shi ne sunan da ake liƙa wa kunshi. Kada a dogara da latest. Ba ya nufin "mafi sabo", suna ne kawai da kowane gini ke ƙwacewa daga na baya, ranar da abu ya lalace ba za ka san wane kod ke gudana ba, ba kuma inda za ka koma. A liƙa wa kowane kunshi lambar kwamit ɗinsa, github.sha. A fayil ɗin compose na sabar, wato wanda ke faɗa wa Docker abin da zai tayar, a sa sunan ya fito daga variable guda ɗaya. Komawa baya sai ya zama mayar da tsohuwar lamba da docker compose up -d, ba sai an sake gini ba. Kunshin da aka gwada a sabar gwaji shi ɗin dai za a kai ta aiki. In aka sake gini a tsakani, abin da aka gwada daban, abin da aka ɗora daban.

Amma komawa baya na da sharaɗi, wato rumbun bayanai. Idan sabon kod ya goge wani shafi a tebur, tsohon kunshi ba zai iya aiki ba ko ka dawo da shi. Don haka sauyin tebur a yi shi kashi biyu: a ƙara sabon shafi a wannan fitowa, tsohon kuma a bar shi sai fitowa ta gaba. Umarnin sauyin ya gudana a matsayin mataki na daban kafin a tayar da sabon kwantena, wato kunshin da ke gudana. Idan ka cusa shi cikin tashin sabis, ranar da ka tayar da kwantena biyu za su yi karo a kan tebur ɗaya.

Bazazzagiya:
Ƙari a kan maganar Malam Ɗan Maraɗi: kayan Actions na wasu mutane a ɗaure su da cikakkiyar lambar kwamit, ba da v4 ko makamancinsa ba. A watan Maris na 2025 an kutsa cikin tj-actions/changed-files, aka karkatar da alamominsa irin su v4 zuwa mugun kod da ke zubar da sirrika a cikin rajistar gini (logs). Waɗanda suka ɗaure da lambar kwamit ta asali abin bai shafe su ba. Dependabot na GitHub zai riƙa kawo maka sababbin lambobi, don haka ba wahala ba ce.

Ɗan Fagge:
Ga ƙananan abubuwan da ke cin lokaci. "exec format error" galibi na nufin an gina kunshi a Mac mai M1 ko na bayansa, wato arm64, aka kai saba mai amd64. Gini a Actions ya kawar da wannan. Idan entrypoint.sh ya ce babu fayil alhali ga shi nan, ƙarshen layi irin na Windows ne, a sa *.sh text eol=lf a .gitattributes. Idan import ya yi aiki a kwamfutarka ya ƙi a gini, duba manyan haruffa, Linux na bambanta User.js da user.js. Sabis kuma ya saurara a 0.0.0.0, in ya tsaya a 127.0.0.1 babu mai isa gare shi daga wajen kwantena.

Layin ƙarshe ya zama CMD ["node", "dist/server.js"], ba npm start ba. docker stop na aika SIGTERM, ya jira daƙiƙa 10, sannan ya kashe da ƙarfi. Ana so saƙon ya isa ga Node kai tsaye, kod ɗinka kuma ya kama shi, ya daina karɓar sababbin buƙatu, ya ƙarasa na hannunsa, ya rufe haɗi da PostgreSQL.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To a ita sabar fa, me ya rage a kula da shi bayan an daina gini a kanta?

Bakatsine:
Faifai da ƙofofi, ƙanena. Kowace ɗorawa na barin tsohon kunshi, don haka a ƙarshen matakin ɗorawa a sa docker image prune -af tare da --filter until=168h, ya share waɗanda suka wuce mako guda kuma ba a amfani da su. Ba ka yi asarar komai ba, suna nan a ghcr.io. Rajistar kwantena (logs) ma ba ta da iyaka a tsarin asali, a sa max-size 10m da max-file 3 a compose, in ba haka ba faifai zai cika PostgreSQL ya tsaya.

Ƙofar da Docker ya buɗe da ports tana tsallake dokokin ufw, katangar tsaron sabar (firewall). Idan ka rubuta 5432:5432, rumbun bayananka a buɗe yake ga duniya ko da ufw ya ce a rufe. PostgreSQL kada a fitar masa da ƙofa ko kaɗan, ƙofar sabis ɗin kuma a ports na compose a ɗaure ta a 127.0.0.1:3000:3000, Nginx ko Caddy ya tsaya a gaba. Sannan ka tuna agogon kwantena da jadawalin Actions kan UTC suke a tsarin asali, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya, aikin da kake so ƙarfe 2 na dare sai ka rubuta shi ƙarfe 1.