Asusun lafiyar garin Tredegar: manoma za su iya kwaikwayonsa?

Ɗan Taura:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban garinmu, nan ƙasar Taura, tana son kafa asusun lafiya, yadda idan ciwo ya faɗo ba sai an ja akuya kasuwa ba kafin a sayi magani. Wani malamin makaranta a cikinmu ya ce tsarin asibitin kyauta na Birtaniya daga wani ƙaramin gari na yankin Wales aka ɗauko shi, wai shi Tredegar. Don Allah masana ku warware mana: nawa suke biya, wa ke riƙe kuɗin, me mutum ke samu? Kuma zai yiwu ga manoman da ba su da albashi?

Malam na Ringim:
Wa alaikumus salam. Malaminku bai yi ƙarya ba. Tredegar yana kudu maso gabashin Wales, cikin kwarin kogin Sirhowy, mutanensa yau ba su wuce dubu 15 da 'yan kai ba. Masana'antar narka ƙarfe da aka kafa a 1800 ce ta tara jama'a a wurin, daga baya haƙar kwal ta zama babbar sana'a. Garin ya sha wuya da cuta. Kwalara ta shiga a 1832, ta dawo a 1849 da 1866, har aka ware wa mamatanta maƙabarta daban a kan tudun Cefn Golau saboda tsoron da mutane ke yi. Duwatsun kaburburan suna nan har yanzu.

A 1890 ƙananan ƙungiyoyin taimakon juna na ma'aikata suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya ta taimakon magani. Lebura a ramin kwal ko a masana'antar ƙarfe ana cire masa kwabo biyu a kowane fam na ladansa. Dattawanmu da suka yi zamanin fam da sule sun san fam kwabo 240 ne, ka ga abin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mutanen gari da ba sa aikin kamfani, kamar masu kanti, sule 18 suke biya a shekara. Asibitin garin an buɗe shi a 1904, attajirin da ya mallaki filayen wurin ya ba da fili, leburori suka yarda a riƙa cire musu rabin kwabo a mako don tafiyar da shi. A shekarun 1920 ƙungiyar tana da likitoci biyar, da likitan fiɗa, da likitan haƙori, da masu haɗa magani biyu, da nas mai zagaya gidaje. Zuwa 1933 kimanin kashi 95 cikin 100 na mutanen garin a ƙarƙashinta suke.

Abin da ya ba ta daraja shi ne iyali. Dokar inshorar lafiya ta gwamnatin Birtaniya ta 1911 ma'aikacin kaɗai ta ɗauka, matarsa da 'ya'yansa ko oho. A Tredegar kuwa kwabon maigida ya rufe gidan gaba ɗaya. Aneurin Bevan, ɗan garin da aka haifa a 1897, ya shiga ramin kwal yana shekara 13, ya zauna a kwamitin asibitin, ya zama ministan lafiya a 1945, kuma a hannunsa aka buɗe tsarin lafiya na ƙasa ranar 5 ga Yuli 1948. Sai dai kada a zuzuta: wasu garuruwan kwal na kudancin Wales ma suna da irin wannan ƙungiya, ta Tredegar ce dai ta fi ƙarfi.

Tsohon Akawu:
Malam ya kawo tarihi, ni bari in taɓa inda gizo ke saƙa. Ba tausayi ne ya riƙe asusun nan shekara da shekaru ba, hanyar karɓar kuɗin ce. A ofishin biyan albashi ake cirewa, kafin kuɗi ya shiga aljihun mutum. Babu mai yawo gida-gida da littafi, babu "ka dawo ranar kasuwa". Kuma duk lokacin da lada ya tsaya, kamar rikicin 1926 da mahaƙa kwal suka yi kusan wata bakwai ba aiki, abin da ake cirewa ma tsayawa yake yi. Wannan raunin ku ma zai same ku a shekarar da damina ta gaza.

To ku ina ofishin biyanku? Kaka ce. Idan kuka sa biyan wata-wata, kafin wata uku rabin mutane sun zame. Ku karɓa sau ɗaya, lokacin da ake sussuka, kuma ku yarda da hatsi. Ga misalin lissafi: gida 200, kowane gida tiya biyar ta gero, tiya dubu ke nan, buhu 25 idan buhu tiya 40 ne. Kada a sayar a kaka, lokacin farashi yana ƙasa. A zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, a ɗora kan katako nesa da bango, a sayar da bazara ko farkon damina. Wanda ya fi son ya ba da riɗi ko kuɗi, a auna masa daidai da farashin geron ranar.

Abu uku ke kashe irin wannan asusu. Na farko, idan aka bar rajista a buɗe kullum, mutum ba zai zo ba sai ciwo ya kwantar da shi, ya biya tiya biyar ya ci na buhu uku. Maganinsa a rufe rajista bayan kaka, sabon shiga kuma ya jira wata ɗaya ko biyu kafin ya fara amfana. Na biyu, kuɗi a hannun mutum ɗaya. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, biyu dole kafin a fitar, mai riƙe makullin sito daban da mai riƙe littafi. Na uku rance. Yau a ara wa wane kuɗin taki, gobe na biki, ranar da mai naƙuda ta zo sai a tarar da sunaye a takarda. A rubuta a doka tun farko cewa kuɗin nan ba a ranta shi, ko wa ya aiko.

Maman Asibiti:
Baba Akawu, na yarda da lissafinka, amma "gida" a wurinmu ba irin na Turawa ba ne. Wani gidan mutum huɗu ne, wani mata uku da 'ya'ya goma sha bakwai. Idan duk tiya biyar ce, ƙananan gidaje za su ga an cuce su. A yi ta ɗaki-ɗaki, kowace mace da 'ya'yanta rajista ɗaya, da katinta a hannunta, don kada sai maigida ya dawo daga cirani kafin a kai yaro asibiti.

Sannan kada ku yi kwaɗayin ɗaukar likita kamar Tredegar. Buhu 25 ba zai biya albashi ba. Ku zaɓi abu kaɗan ku riƙe shi da kyau: gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ga yaro mai gudawa, kayan haihuwa, da kuɗin mota idan an tura mai naƙuda babban asibiti cikin dare. Wannan na ƙarshen shi ya fi ceton rai, kuma shi ake mantawa. Ku daidaita da direba biyu a gari kan farashi tun kafin buƙata ta taso. Ku sani kuma daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓi ke cika asibiti, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, don haka akalla rabin kuɗin shekara a ajiye shi domin waɗannan watanni. Ku je ofishin JICHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jigawa, ku ji wa ya cancanci a yi masa rajista kyauta a cikin masu ciki da ƙananan yara. Abin da gwamnati ta riga ta ɗauka, ba sai ku sake biya da geronku ba. Mutanen Kano nasu KSCHMA ne.

Malam na Ringim:
Hajiya ta yi daidai. Abu ɗaya na bari a baya game da wa ke riƙe kuɗin. Kwamitin mambobi ne ke juya ƙungiyar Tredegar, shi ke ɗaukar likita, a gabansa kuma ake kai ƙorafi. Sakatarenta Walter Conway, shi ma tsohon mahaƙin kwal, ya riƙe ofishin daga 1915 har rasuwarsa a 1933. Leburorin nan ba a asibiti kaɗai suka tsaya ba, da kuɗinsu suka tafiyar da ɗakin karatu, suka kuma shiga majalisar gari, inda Bevan ya ci kujera a 1922.  Ita ƙungiyar, bayan 1948 gwamnati ta karɓe yawancin aikinta, ta ci gaba da ƙananan hidimomi har tsakiyar shekarun 1990, asibitin kuma aka rufe shi a 2010.

Ku ma mai gari da liman su zama iyayen ƙungiya masu sasanta rigima, amma kujerun kwamiti na masu biya ne, a zaɓe su duk shekara biyu, mata su samu kujerunsu. Duk wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a liƙa kwafi a bangon asibiti.

Ɗan Taura:
Allah ya saka muku da alheri. Zan kai wa ƙungiya maganar rajistar ɗaki-ɗaki da ta direbobi a zaman ranar Asabar. Baba Akawu, idan da hali ka turo mana yadda ake tsara shafukan littafin shiga da fita, na hatsi daban na kuɗi daban.