Wa ke da ikon zaɓen launin takarda, mai rubutu ko manhaja?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni dai matsayina shi ne a bar wa manhaja zaɓen launi. Tun Office 2007, manhajar ofis ta Microsoft, ake da jigo, wato shiryayyen tsarin kamannin takarda, mai launuka 12: huɗu na rubutu da bango, shida na ado, biyu na mahaɗin intanet. Takarda gurbin launin take riƙewa, ba launin kansa ba. Kana canza jigo, kanu da jadawali da zane duk su canza tare. Ko shafi ɗari ne, aikin minti ɗaya.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, wannan sauƙin ne ya taɓa ba ni kunya. Na yi zanen riba da asara, kore da ja, na kwafa cikin rahoton wani sashe. Ranar taro aka haska a bango, ja ya koma ruwan lemo, kore ya zama toka-toka. A ƙasa kuma na rubuta "jan layi shi ne asara". Kowa na neman jan layi, babu shi.

Malam Sani: Allah ya huci zuciyarki. Daga launukan jigo kika ɗauko, shi ya sa suka bi jigon wancan rahoton. Da tsayayyen ja kika zaɓa, ko ina kika kai shi ja ne.

Hajiya Rabi: To wa ya gaya min? Akwatin zaɓen launi ɗaya, ja biyu, a ido kusan iri ɗaya, amma ɗaya na canzawa ɗaya ba ya canzawa. Launin ado a canza shi, ban damu ba. Wanda ke ɗauke da ma'ana kuwa, nawa ne.

Aminu: Hajiya, ki yi haƙuri, ja da koren nan su ma da magana. Ni da ƙyar nake bambanta su, haka aka haife ni, kuma mu maza ne muka fi fama da shi. A buga zanen a baƙi da fari ma, duk toka ne. Ka'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 a kan 1. Mutum nawa ne zai auna wannan da ido? Manhaja kuwa a take za ta lissafa.

Zainab: Yaya Aminu, ta lissafa ta faɗa min, na yarda. Abin da ba na so shi ne ta canza a ɓoye. In na liƙa zane, ta tambaye ni: a bar launinsa ko a bi na wannan takarda?

Malam Sani: Zaɓin yana nan ai, a ɗan maɓallin da ke fitowa bayan liƙawa.

Hajiya Rabi: Na gan shi, bayan an tashi daga taron. Aminu, in ba ja da kore ba, me zan sa?

Aminu: Shuɗi da ruwan lemo, ki kuma rubuta sunan kowane layi a jikinsa.