Kallon Dokta Pol ya isa mai shanu ya karɓi haihuwa da kansa?

Kawu, Maiwurno:
Salamu alaikum jama'a. Ni a ganina, mai shanun da ke bin shirin likitan dabbobi Dokta Pol na tashar Nat Geo Wild da natsuwa zai iya karɓar haihuwar saniyarsa ba sai ya jira baitari, wato likitan dabbobi, ba. Mutumin nan a gidan kiwon shanun madara ya tashi a ƙasar Holan, ya gama Jami'ar Utrecht a 1970, ya buɗe asibitinsa a garin Weidman na jihar Mishigan a 1981. Sai a 2011 aka fara ɗaukarsa a talabijin. Hannun da ya daɗe haka a garke abin koyi ne.

Likita, Kasala:
Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Ƙwarewarsa ba abin musu ba ce, amma aikin awa guda ake yankewa a nuna shi cikin 'yan mintuna, kuma abin da hannunsa ke lalubawa a ciki ba ya fitowa a hoto. Idan faya ta fashe, saniya ta yi kamar awa tana yunƙuri babu ci gaba, sai a wanke bayanta da sabulu, a sa doguwar safar hannu, a shafa abu mai santsi, a duba. Kwanciyar daidai ita ce ƙafafun gaba biyu, tafin kofato na kallon ƙasa, hanci a bisansu. In tafin na kallon sama, galibi ƙafafun baya ne. In ƙafa ɗaya ta fito ko kai ya lanƙwashe baya, dole a tura maraƙin ciki a gyara kafin a taɓa igiya. A nan ne masu kwaikwayo suke kashe uwa da ɗa.

Kawu:
To ai igiyar ma ana ganin yadda yake ɗaurawa.

Likita:
Ana gani, Kawu, amma wa ya lura? Zarge ɗaya a saman gaɓar da ke bisa kofato, na biyu a ƙasanta, don kada ƙashi ya karye. Ba a ja sai lokacin da take yunƙuri, ƙafa ɗaya bayan ɗaya har kafaɗu su wuce, sannan a karkata jan ya yi ƙasa. Ƙarfin maza biyu ne iyaka. In bai motsa ba, maraƙin ya fi ƙugunta, kamar yadda ake gani idan an ba ƙaramar karsanar Kenana, irin shanun Sudan, bijimin Firisiyan, babban irin shanun Turai. Wannan sai tiyata.

Hajiya, Gadarif:
Ni abin da ya fi damuna hannu tsirara. A can, tun 2008 aka ayyana shanun gida na duk jihohin Amurka sun rabu da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. Mu nan Sudan tana nan daram, ita ce cutar da ake kira maltiyya, da ke kwantar da mutane da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi wata da watanni. Ruwan haihuwa da mabiyiya, musamman na saniyar da ta yi ɓari, su suka fi ɗauke da ƙwayar. A binne su da zurfi, kada kare ya ja, a kuma tafasa nono.

Malam, Sinja:
Ko abokan aikinsa ba duka suka yarda da salonsa ba. A 2015 hukumar likitocin dabbobi ta Mishigan ta ci shi tarar dala 500 kan tiyatar wani kare da mota ta buge.

Kawu:
Malam, a faɗi ƙarshen zancen mana. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2016, ko da yake ta dawo ta tabbatar da shi a 2018, kuma karen ya rayu. Sannan ku gaya mini, wanda ke rugar da baitari ba ya zuwa, ya zuba ido saniya ta mutu?

Likita:
A'a Kawu, ya duba, ya gyara abin da hannunsa ya gane, ya ja da ƙa'ida. Abin da nake roƙo kada ya yi allurar naƙuda, oksitosin, alhali bakin mahaifa bai buɗe ba ko maraƙi na kwance a karkace, don mahaifar na iya yagewa. In minti talatin ta wuce yana ƙoƙari babu canji, ya tsaya, ya kira mu a waya ya faɗi abin da hannunsa ya taɓa.