Kulocin babur ɗina yana sulɓi a cikin yashi

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum. Ina da Boxer 150, da shi nake ɗaukar buhun ridi daga ƙauyukanmu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Wanda ya san hanyar ya san yashi ne zalla, wani wajen har ƙafar baya take nutsewa. To kwanan nan in na murɗa wuta sai injin ya yi ta ihu, babur kuwa yana jan ciki, ga ƙauri yana tashi. A kwalta da ɗan sauƙi, sai dai a giya ta huɗu. An canza min filet ɗin kuloci kafin damina, amma ga shi an koma gidan jiya. Wane iri zan saya, orijina ko mai araha? Ko dai matsalar ba daga filet ɗin take ba?

Bakanike Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kashe ko sisi, duba hannun kulocin. Dole ya kasance da ɗan wasa, kamar milimita 2 zuwa 3, kafin ya fara jan kebur. In yaro ya ɗaure shi tamau, kulocin ba ya kamawa gaba ɗaya, kullum a cikin cin kansa yake.

Sannan wane baƙin mai kake zubawa? Kulocin babur a cikin mai yake wanka, ba kamar na mota ba. Wasu mayukan mota an sa musu sinadarin ƙara santsi, shi ke sa filet zamewa. Nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a bayan galan, ka rabu da na awo a kwalba.

In an buɗe, kada a tsaya kan filet kaɗai. Farantan ƙarfen da ke tsakani, in sun yi shuɗi sun ƙone. A ɗora su kan gilashi, wanda ya ƙi kwanciya daidai ya lanƙwashe, a yar. Sifirin da ke danne farantan ma a canza, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sabon filet kuma a jiƙa shi a mai ya kwana.

Mai AG200:
Orijina ka saya, yayana. Mai arahar sau biyu za ka biya kuɗin aiki. Amma ni ina zargin hannunka. Yawancinmu in mun shiga yashi sai mu riƙe rabin kuloci muna ba da wuta. Rage iskar taya kaɗan, saka giya ta biyu, saki hannun gaba ɗaya. In ya kafe, sauka ka tura.

Ɗan Gumel:
Na gode ƙwarai. Na duba yanzu, hannun ba wasa ko kaɗan. Oga, in na sa babban sufuroket (faifai mai haƙora da sarƙa ke hawa) a baya zai rage wa kulocin wahala?

Bakanike Ƙofar Ruwa:
Zai rage, amma gudunka a kwalta zai ragu, kuma wataƙila sai ka ƙara tsawon sarƙa. Buhu nawa kake ɗorawa tukuna?